Jaɓa Ba Ɓera Ba Ce, A Daina Haɗa Su A Guba Ɗaya

Da zarar an gama kaka an kai gero da dawa gida, kasuwar masu shinkafar ɓera ta buɗe ke nan. Za ka gan su a babbar kasuwar Katsina, ka gan su ranar kasuwar Mai'adua ko ta Charanchi, lasifika rataye a kafaɗa, ƙullin guba da kwalin gam a baje a ƙasa, jama'a na saye ba tare da wani ya tambayi mene ne a cikin ƙullin ba. Ban ga laifin mai saye ba. Mutumin da ya kwashe damina sunkuye a gona, a wannan zamani da zuwa gonar ma sai da addu'a, ba za a ce masa ya zuba ido kusu ya cinye masa abincin shekara ba. Abin da ke damuna shi ne, a cikin gawarwakin da ake sharewa da safe akwai wadda ba ta taɓa huda buhun kowa ba, wato jaɓa. Ita da ɓera mun yi musu kuɗin goro, kuma ina ganin wannan kuskure ne da ke jawo mana asara a gida da gona, wanda ya kamata masu wayar da kan jama'a kan lafiya da noma su gyara.

A idon mai gaggawa jaɓa ɓera ce mai dogon baki da wari. A wajen masana dabbobi kuwa ko dangi ba su haɗa ba. Ɓera da gafiya da kurege da beguwa gidansu ɗaya, gidan masu gwaguya. Jaɓa 'yar'uwar bushiya ce, gidan masu cin ƙwari. Wanda ya taɓa duba bakin mataccen ɓera ya san haƙoran nan biyu na sama da biyu na ƙasa masu faɗi. Waɗannan haƙora ba sa daina tsiro har ɓera ya mutu, shi ya sa dole ya yi ta gwaguyar abu mai tauri don ya rage musu tsawo: buhu, ƙofar katako, ƙwarya, wayar lantarki, littafin yaro. Haƙoran jaɓa ƙanana ne masu tsini, jere a baki, an yi su ne don cafke abin da ke motsi da fasa ɓawon ƙwaro. Ba sa ƙara tsiro. Haƙoranta na yarinta tun tana ciki suke zubewa, ta fito duniya da waɗanda za ta mutu da su, kuma idan ta tsufa suka dakushe, farauta ta gagara, yunwa ce ke ƙarasa ta. Da wuya ta wuce shekara 2 a duniya. Dabba mai irin wannan baki ba ta da abin da za ta yi da damin gero. Duk ramin da ka gani a gindin buhu, da ɓarin tsaba a ƙasa, ka nemi mai shi a wani wajen.

Akwai wasu alamomin ga mai son rarrabewa tun kafin ya ɗaga sanda. Idanun jaɓa 'yan mitsi-mitsi ne, ba ta gani sosai, da hanci da gashin baki da kunne take neman hanya, shi ya sa take bin gindin bango tana wannan tsiwa tata mai kaifi. Ɓera idanunsa manya ne a waje. Yatsunta biyar ne a ƙafar gaba, na ɓera huɗu ake gani. Gashinta gajere ne mai laushi, kuma hancin nan mai tsini bai taɓa zama wuri ɗaya ba, kullum cikin karkarwa yake.

Abin da ya sa na ce jaɓa ma'aikaciyarmu ce yana cikin yadda Allah Ya gina jikinta. Duk dabbar da ke da ɗumin jini, gwargwadon ƙanƙantarta gwargwadon saurin da zafin jikinta ke tsiyayewa, don fatarta ta yi wa tsokarta yawa. Don ta riƙe ɗumin dole ta yi ta ƙona abinci ba tsayawa. Mafi ƙanƙanta a dangin jaɓa, wadda ake samu daga ƙasashen bakin tekun Bahar Rum har zuwa kudancin Asiya, ba ta kai giram 2 ba, ko nauyin dabino ɗaya ba ta yi. Ita ce mafi rashin nauyi a duk dabbobin da ke shayarwa. Zuciyarta na iya bugawa sau 1,500 a minti ɗaya, alhali ta ɗan Adam a zaune wajen 70 take yi. A yini ɗaya takan ci abin da ya fi nauyin jikinta. Jaɓar ƙasashen sanyi idan ta yi 'yan sa'o'i ba ta ci ba mutuwa take yi, don haka ba ta san dare ba, ba ta san rana ba, farauta ce da ɗan gyangyaɗi, sai kuma farauta.

Tamu ta nan ba ta kai su matsuwa ba. Jaɓar Afirka masu fararen haƙora ne, jikinsu bai kai na 'yan'uwansu na Turai masu jajayen haƙora saurin ƙona abinci ba, kuma wasunsu kan iya saukar da zafin jikinsu su lafe idan abinci ya yi wuya. Duk da haka ci ne sana'arta. Babbar nan baƙa-baƙa ko ruwan ƙasa da ke shiga ɗakunanmu, wadda masana ke kira Crocidura olivieri, tana cikin manyan jaɓa na duniya, kuma ta bazu a kusan duk Afirka kudu da Sahara har zuwa kwarin kogin Nilu. Me take nema a bayan randa da ƙarƙashin gado? Kyankyaso, gyare, gara, tsutsa, gizo-gizo, buzuzu, fara, tana. Idan ta yi sa'ar jinjirin ɓera a sheƙa ba ta barinsa. A gona kuwa, a fadamun Ajiwa da Jibiya da Zobe da Sabke inda ake noman rani, 'yan'uwanta na cikin ciyawa suna cin tsutsotsin da manomi ke kashe kuɗi yana yi wa feshi.

A nan ne nake son mai karatu ya ɗan tsaya ya yi lissafi. Gidan da jaɓa ta tare a cikinsa gida ne da ke da abin da zai ciyar da ita kowane dare. Ba ta zama inda babu ƙwari, jikinta ba zai bar ta ba. Idan ka kashe ta ka bar kyankyasan da suka jawo ta, ka kori mai kama su ne kawai. Sai ka koma kasuwa ka sayo fiya-fiya ka yayyafa a ɗakin da yara ke kwana, a rufe ƙofa. Kyankyaso kuma ba ƙaramin abu ba ne. Daga masai yake fitowa ya hau kwanon tuwo, kuma likitoci sun daɗe da tabbatar da cewa kashinsa da ɓurɓushin jikinsa na tayar wa yara asma. Mun kashe wadda ke rage shi a kyauta, mun sayi guba a madadinta, mun shaƙa tare da iyalinmu. Ban ga ribar wannan ciniki ba.

Na san abin da za a ce: wari. Gaskiya ne, jaɓa na da wari, kuma ba na cikin masu cewa a saba da shi. A kuiɓinta biyu akwai wasu ƙulli da ke fitar da wani maiƙo mai ƙarni, da shi take shata yankinta, da shi take neman abokin barbara, shi ne kuma garkuwarta. Kowa ya ga yadda kyanwa ke kashe jaɓa ta yi wasa da ita ta tafi ta bar ta, ba ta ci. Kare ma haka. Ina ganin daga nan ne zancen nan ya samo asali, wanda muka sha ji muna yara, wai jaɓa ba ta tsallake hanya, in ta tsallaka mutuwa take. Mutane sun riƙa tsintar gawarta a kan turba ba rauni a bayyane, suka nemo dalili. Dalilin shi ne mai farautar da ya kama ta ya ji warin ya yar, ko kuma yunwa da tsufa suka cim mata a fili. Da ɓera ne ya mutu a wurin, da wani abu ya cinye shi kafin gari ya waye.

Mai cin jaɓa ba ƙyama ita ce mujiya, domin hancinta bai dame ta da warin ba. Mujiya takan haɗiye abin da ta kama ɗungurungum, daga baya ta amayo ƙashi da gashi a dunƙule. Masu bincike na tattara wannan aman a ƙarƙashin inda take kwana su tsince ƙoƙunan kai, kuma ta haka aka gano irin jaɓa da ɓerayen da ke zaune a wurare da dama na Afirka. Na kawo mujiya ne don ita ma tana cikin waɗanda gubarmu ke kashewa. Ɓeran da ya ci shinkafar ɓera ba nan take yake faɗuwa ba, musamman irin gubar da ke hana jini daskarewa, wadda kan ɗauki kwanaki. Yana fita yana layi, mujiya ko shaho ko kyanwar maƙwabci ta ɗauke shi cikin sauƙi, gubar ta wuce cikinta. Mujiya ɗaya da 'ya'yanta na cin ɓeraye masu yawan gaske a shekara, amma mu jifa muke bin ta da shi saboda camfi, sannan mu ƙarasa ta da guba. Ita jaɓa kuwa ta hanya uku take faɗawa: ta ci gubar da aka cuɗa da busasshen kifi, ta ci ƙwarin da suka ci gubar, ko ta manne a kwalin gam da aka shimfiɗa a gindin bango, wato daidai hanyar da take bi. Ƙarshenta waɗanda suka fi saurin farfaɗowa bayan an zuba guba su ne ɓerayen, don sun fi kowa haihuwa.

Hujjar da ta fi wari nauyi ita ce ta cuta, kuma ba zan kauce mata ba. Kowace shekara idan rani ya shigo hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, NCDC, na fitar da gargaɗi kan zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yau. Gidajen rediyo na ta nanata cewa a yaƙi ɓera, kuma daidai ne. Sai dai babbar ma'ajiyar wannan ƙwayar cuta sananniya ce, wani ɓera ne mai nonuwa da yawa da ake kira Mastomys natalensis, wanda kan haifi 'ya'ya goma ko fiye a ciki ɗaya, yana shiga rumbu da ɗakin girki yana fitsari da kashi a kan abinci. Da shi ake yaƙin. Wannan ba ya nufin jaɓa tsarkakakkiya ce. A 2007 an ba da rahoton gano wata ƙwayar cuta ta dangin da masana ke kira hantavirus a jikin jaɓa a ƙasar Gini. A Jamus an tabbatar cewa wata irin jaɓa ce ke ɗauke da ƙwayar cutar Borna, mai kumbura ƙwaƙwalwa, wadda ta kashe mutane ƙalilan a can. A 2022 masu bincike a Sin suka sanar da ƙwayar cutar Langya da suka samu a jikin mutum 35, kuma jaɓa suka fi zargi. Duk wannan gaskiya ne. Amma abin da yake koya mana shi ne kada a taɓa ta da hannu, a raye ko a mace, kada a bar yara su yi wasa da gawarta, a rufe abinci da ruwan sha. Mutumin da ya bi jaɓa da taɓarya ya fasa ta a tsakar ɗaki, jini ya fantsama, matarsa ta zo ta share da hannu, ya fi kusantar cuta a kan wanda ya buɗe mata ƙofa ya kora ta waje da tsintsiya ya toshe ramin da ta shigo.

Haka kuma ba na musun cewa takan sa baki a ragowar miya ko kifi ko nama idan an bar su a buɗe, kuma abin da ta bi ta kai ya ɓaci ke nan. Maganin wannan murfi ne, kuma murfin nan shi ne dai maganin ɓera da kyankyaso da ƙuda.

Abin da ke ƙara ba ni takaici shi ne yadda duniya ta ɗauki wannan dabba da muhimmanci mu kuwa ko kallo ba ta ishe mu ba. Irin jaɓa da aka sani sun kusa 400 ko sun haura, kuma zuriyar Crocidura, wadda tamu ke ciki, ta fi kowace zuriyar dabbobi masu shayarwa yawan iri, akasarinsu a nan Afirka. Mutanen Masar na zamanin Fir'auna har shafe gawar jaɓa suke yi da magani su naɗe su adana a cikin 'yan akwatuna, kuma daga irin wannan gawa ce aka fara siffanta babbar jaɓarmu ta gida a 1827. A Foland wani masani, August Dehnel, ya lura a 1949 cewa ƙoƙon kan jaɓar can na ƙanƙancewa idan hunturu ya zo. An daɗe ana shakka, har sai da masu bincike a Jamus suka riƙa kama jaɓa ɗaya suna ɗaukar hoton ƙashinta lokaci bayan lokaci, suka nuna a 2017 cewa kan na raguwa har kusan kashi 20 cikin 100, ƙwaƙwalwar ma ta ragu, sannan in bazara ta zo su sake girma. Yanzu masu nazarin ciwon ƙashi da na ƙwaƙwalwa na bibiyar yadda take yin haka. A dazukan Kwango akwai wata mai ƙashin baya da ya sarƙe da juna, ƙarfinsa ba a san irinsa ba a dabba mai girmanta. A Amurka ta Arewa akwai mai dafi a yawu, tana shanye jikin abin da ta kama ta ajiye shi da rai don ci daga baya.

Ko tamu ta gida tana da abin kallo. Idan aka tayar mata da sheƙa, uwar kan fito da 'ya'yanta a jerin gwano, na farko ya kama gindin wutsiyarta da haƙori, na biyu ya kama na farko, har na ƙarshe, ta ja su zuwa sabon maɓoya. Da yawa daga cikinmu sun taɓa ganin wannan jeri a tsakar gida, kuma abin da ya fara zuwa mana a rai shi ne neman dutse.

A Nijeriya ma an yi aiki, sai dai ya daɗe. A 1980 aka siffanta wata sabuwar jaɓa daga dajin Yankari na jihar Bauchi aka sa mata sunan dajin. A 1983 masana biyu, Rainer Hutterer da David Happold, wanda ya koyar a Jami'ar Ibadan, suka wallafa nazari a kan jaɓar Nijeriya baki ɗaya, a ciki har da wata da ba a san ta a ko'ina ba sai a ƙasar nan. Daga lokacin zuwa yau ƙasar Katsina ta sauya ƙwarai. An sare itatuwa, gonaki sun cinye saura, maganin feshi ya shiga kowane ƙauye, dajin Rugu kuma ya zama wurin da ɗalibi ba zai shiga da tarko da littafi ba. Muna da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina da Jami'ar Tarayya a Dutsin-Ma, duka suna yaye ɗaliban ilmin halittu kowace shekara, kuma kowane ɗalibi sai ya rubuta kundin kammalawa. Aikin da nake roƙon malamansu su ba su ba ya buƙatar injin miliyoyi. A tattaro aman mujiya daga tsofaffin gine-gine da kogon kuka a Daura da Mani da Kankiya, a tsince ƙasusuwan, a rubuta abin da aka samu. A ɗana tarkon da ba ya kisa a wasu gidaje na cikin birni da na ƙauye, a ƙirga nawa ne ɓera nawa ne jaɓa, a duba abin da ke cikin kashinsu. Da irin wannan ne za mu iya gaya wa manomi da hujja abin da ke ci masa hatsi da abin da ke tsare masa shi.

Ta fuskar addini ma ban ga inda aka ba mu izinin wannan kisan kan mai uwa da wabi ba. Hadisi ya ambaci dabbobi biyar masu cutarwa da aka halatta kashewa ko a cikin Harami, ɓera na cikinsu, saboda ɓarnarsa. Hukuncin jaɓa a fiƙihu na malamai ne, ba nawa ba. Amma na san Alƙur'ani ya faɗa a Suratul An'am, aya ta 38, cewa duk dabbar da ke tafiya a ƙasa da tsuntsun da ke tashi da fikafikansa al'ummomi ne irinmu. Na kuma san hadisin annabin da tururuwa ɗaya ta ciza ya sa aka ƙone gidansu gaba ɗaya, Allah Ya yi masa wahayi cewa don me bai tsaya ga guda ɗayar ba. Zan so in ji malamanmu na tafsiri da masu huɗubar Juma'a sun taɓo wannan, ko da sau ɗaya a shekara, lokacin kaka.

Ga hukuma kuwa buƙatata ba ta da tsada. Duk takardar wayar da kai kan Lassa da ma'aikatar lafiya ta jiha za ta buga, a sa hoton ɓeran da ake nufi kusa da hoton jaɓa, a rubuta da Hausa da ajami wanne ne wanne. Duba-gari da malaman gona na hukumar bunƙasa noma da raya karkara ta jihar Katsina, KTARDA, su karkata maganarsu daga zuba guba zuwa hana shiga: a ɗaga buhu daga ƙasa a nesanta shi da bango, a zuba hatsi a duro mai murfi ko buhun PICS, wato mai leda a ciki da ke hana iska shiga, a gyara gindin rumbu, a toshe ramuka da siminti ko laka mai tsakuwa, a kwashe juji daga bakin ƙofa, a daina shanya abinci a gefen titi. Inda ɓera ya yi yawa a yi amfani da tarko mai kamawa da rai, don in jaɓa ce ta faɗa a kai ta bayan gida a saki, in ɓera ne a kashe a binne ba tare da an taɓa shi da hannu ba. Sannan hukumar kula da abinci da magunguna ta NAFDAC da hukumomin kasuwanni su dubi ƙullin gubar nan da ake sayarwa ba suna ba tambari a kusa da masu gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Ko ba don jaɓa ba, labarin yaron da ya tsinci shinkafar ɓera a bayan ƙyaure ya kai baki ba baƙo ba ne a asibitocinmu, kuma likitan da aka kawo masa shi ba shi da takardar da zai duba ya san wace guba ce yaron ya ci.